Na Ce Wa Inna Kano Za Ni

Lokacin da abin nan ya faru, malamin tarihi ne ni a wata sakandare a Birnin Kudu, mai ɗan ji da kai, ina ganin na fi 'yan'uwana na Fagam wayewa. Duk shekara nakan kwashi ɗalibai mu je duwatsun bayan gari kallon zanen mutanen zamanin da, ina cika su da labarin ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Cikinsu akwai wanda Allah ya ɗaga, ya tafi karatu wani tsibiri a Bahar Rum. Da hutun Disamba ya matso sai ya aiko mini da tikiti, ya ce in zo in ga tarihin da nake koyarwa da idona, wai a lokacin ne ma Turawa ke gudowa daga sanyin ƙasarsu su zo shan rana. Wallahi har rawa na taka a tsakar gida.

Kun dai san halinmu, ba a faɗin tafiya sai an dawo, saboda baki. Ni da nake yi wa mutane dariya a kan haka, da tawa ta zo sai na fi kowa. Matata kaɗai na gaya wa, na kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Na je Fagam sallama, na tarar da mahaifiyata a kan tabarma, ƙafarta naɗe da tsumma. Ciwon suga gare ta, ga wani gyambo da ya ƙi warkewa. Inna ta tambaye ni ina za ni, na ce Kano, taron malamai. Ta ce to da sauƙi, Kano ai nan ce da nan. Na sani sarai tun rasuwar Baba ba ta jin maganar kowa a kan asibiti sai tawa. Na ga ƙafar, har warinta na ji, amma na ce wa raina za ta jira ni.

Ba zan yi ƙarya ba, tsibirin ya yi kyau. Na shafa ganuwar dutse da hannuna, na yi salla a wani masallaci da a da coci ne, na ga gonakin zaitun da lemu har bakin teku. Na yi ta dariyar tsofaffin Turawa da suka baje a yashi suna gasa jiki, ranar da mu muke guje wa. Layina ba ya aiki a can. Ranar da na sauka na kira matata da wayar yaron ta hanyar intanet, lamba ba ta fito mata ba. Daga nan kullum sai in ce gobe.

Ashe ina can ina ɗaukar hoto, ƙafar Inna ta yi baƙi. Ƙanina ya kawo ta asibiti Birnin Kudu, likitoci suka ce sai an yanke ta da gaggawa. Inna ta kafe, ta ce babu mai taɓa ta sai babban ɗanta ya zo ya ce a yi. Ƙanina ya je gidana, matata ta riƙe rantsuwarta ta ce ina Kano. Bawan Allah ya hau mota ya yi ta zaga makarantu yana cigiyata. Da ta ga abin ya wuce wasa ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya, amma babu wanda ya san ta inda za a same ni. Suka kuma ji tsoron gaya wa Inna ƙarya na yi mata, kada abin ya ƙarasa ta. Ranar da na sake kira, daga wata kasuwa ne, ina tambayar matata wane launin mayafi Inna za ta fi so. An riga an binne ta.

Na dawo na tarar an tashi daga zaman makoki. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Ƙanwata da ta yi jinyar ce ta gaya mini, ba tare da ta kalle ni ba, cewa duk wanda ya leƙo ɗakin sai Inna ta tambaye shi ko motocin Kano sun daina zuwa ne.

Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Abin da ke cin raina shi ne ta tafi tana zaton ina nan kusa, na ji, na ƙi zuwa. Don Allah jama'a, ku je ku ga duniya, ba laifi ba ne. In kuna tsoron baki ku ɓoye wa 'yan unguwa, amma kada ku ɓoye wa wadda za ta neme ku ranar da ta shiga uku. Ni bakin kowa bai kama ni ba, nawa ne ya kama ni. Mayafin yana nan a akwati, har yau na kasa ba wa kowa.