Inda Babanta Yake a Taswirar Toka

Shekarar da aka ba ni ajin ƙarshe in koyar da labarin ƙasa, taswirar duniya ɗaya tak makarantarmu take da ita. Ita ma tana naɗe a saman kabad ɗin ofishin shugaban makaranta, gara ta cinye mata rabin Asiya. Makarantar gwamnati ce ta jeka-ka-dawo a nan Minna, maza da mata. Ni kuwa a lokacin ina haya a Fadikpe, kullum da safe in hau acaɓa, in sauka a bakin get ina gyara gyale.

Jarrabawar fita ta matso, ana irin zafin nan na gab da saukar damina, wanda kafin azahar rigar kowa ta manne masa a baya. Na fara yi musu bita, kuma tun ranar farko na gane akwai aiki a gabana. Sunayen nahiyoyi da na tekuna suna bakinsu, suna rera su kamar waƙa. Amma da na zana Afirka a allo na ce wani ya zo ya nuna mini Masar, sai ya ɗora yatsa can ƙasa, wajen kudu. Mazan sun san Brazil da Sifen da Ingila saboda ƙwallo, har 'yan wasansu za su lissafo maka, sai dai ba wanda ya san wadda ke gabas da wadda ke yamma.

Sai na ce mu fita waje. Akwai wani fili a bayan ajin, ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro. Na nemi izinin shugaban makaranta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, in dai ba rami za ki haƙa mini ba, ku je ku yi."

Matar da ke soya doya da ƙosai a bakin get ita ta riƙa tara mana toka a bokiti. Na kwance igiyar shanyata daga gida, muka miƙe ta daga gabas zuwa yamma, ta zama layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Muka fara jan layi da sanda, in ya yi daidai sai a bi shi da toka. Jar ƙasa ta zama hamada, tsakuwa ta zama duwatsu, koguna kuma muka dama bula a gwangwani muka tsiyaya. An sha gardama. Rukunin da na ba Turai suka zana ta ta kusa kai Afirka girma, sai da na sa suka share suka sake, suna ta ƙunƙuni. Filin ya cika da hayaniya, Turanci da Hausa da Nufanci da Gwaranci duk a cakuɗe. A cikin aji nakan hana, amma a nan na ƙyale su.

Da taswirar ta kammala, sai muka shiga bitar sosai. In kira sunan ɗalibi, in ce masa ya je ya tsaya a ƙasa kaza, ya faɗa mana nahiyarta da yanayinta da tekun da ya fi kusa da ita. Wani dogon yaro mai barkwanci na tura shi can ƙarshen kudu, ƙasar ƙanƙara, wadda ta faɗa daidai inda inuwar mangwaron ta ƙare. Ya tsaya cikin rana yana zufa yana karkarwar ƙarya, ya ce, "Malama, a taimaka mini da bargo." Har ni sai da na yi dariya.

A cikin ajin akwai wata yarinya 'yar kudancin Kaduna, siririya, mai zama a layin baya. A zangon farko tana cikin masu ƙoƙari, amma tun da aka dawo hutu ta yi sanyi. Ta zo a makare, ta zauna ta zuba wa taga ido. Na san daga wajen unguwar Shango take zuwa, kuma mahaifiyarta tana da ɗan shagon kayan masarufi, iyakar abin da na sani ke nan.

Na ce mata ta fara daga Najeriya ta bi ta arewa maso gabas har Masar, tana faɗin ƙasashen da ta ratsa. Ta taka a hankali don kada ta ɓata tokar. Ta ce Cadi. Ta ƙara gaba, ta duba ƙasa inda aka rubuta suna da yatsa, ta tsaya. Na jira. 'Yan aji suka fara raɗa mata amsa. Ba ta motsa ba.

Na ce, "Ci gaba mana, Masar tana gabanki."

Ta ɗago ta ce, "Malama, nan ne Sudan?"

"Nan ne."

"Babu ruwa a tsakani?"

Wasu suka fara dariya, na ɗaga musu hannu. Na ga idonta ya cika. Sai na ce kowa ya je ya sha ruwa, a dawo in an buga ƙararrawa. Suka watse, muka rage ni da ita.

A nan ta gaya mini babanta soja ne, yana cikin waɗanda aka tura aikin kiyaye zaman lafiya a yammacin Sudan. Da yana kira lokaci-lokaci a wayar mamanta, amma an kwana biyu bai kira ba, ga shi kuma sun ji a rediyo an kai wa sojoji hari a yankin. Ba wanda ya zo ya gaya musu komai, mai daɗi ko marar daɗi. Ta ce da irin Hausarsu, "Mama ba ya barci. Ƙannena kullum suna tambaya ina Baba yake, ni ban san me zan ce ba." Tun da a jirgin sama ya tafi, ita a zatonta sai an haye teku, can wajen su Amurka. Kunya ce ta hana ta tambaya, tana ajin ƙarshe.

Ba ni da abin da zan ce mata game da lafiyar babanta, don ban sani ba, ban kuma so in yi mata alkawarin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani shi na ba ta. Na durƙusa na sa tsinke a Minna, na sa wani a Kano, na ɗauko guntun igiya na miƙe daga Kano zuwa gabas, har ta shiga yammacin Sudan.

Na ce, "Kin gani? Kusan layi ɗaya suke da Kano. Irin zafin, irin ƙayar, irin geron. Ƙasa ce a haɗe. Kakana na wajen uwa daga Bida ya tashi zuwa aikin hajji a ƙafa, ta nan ya bi. Har yau akwai masu jin Hausa a can, jikokin waɗanda suka yada zango ba su dawo ba."

Ta ce, "A ƙafa?"

"A ƙafa da jaki. Ya daɗe, amma ya je ya dawo."

Ta daɗe tana kallon igiyar. Sai ta tambaye ni me ya sa in babanta ya kira da yamma yakan ce su har duhu ya yi. Na nuna mata gabas, na ce ta tuna duniya juyawa take yi, rana tana riga mu fitowa a wajensu, tana kuma riga mu faɗuwa. Darasin da na yi ta maimaitawa a allo bai zauna ba, ranar ya zauna. Da ajin ya dawo ita ta yi musu bayaninsa.

Washegari bayan an tashi, na fito zan nemi acaɓa, sai na hango ta a filin da yara biyu ƙanana masu rigar firamare, mace da namiji. Ashe ƙannenta ne, ta je ta ɗauko su. Ta tsayar da su a Najeriya, ita kuma ta taka zuwa Sudan ta juyo ta ce, "Ga Baba a nan." Ƙaramin ya dube ta, ya dubi tazarar, ya ruga ya tsallake Cadi da tsalle ɗaya ya rungume ƙafarta. Ya ce, "To me ya hana shi zuwa?" Ta ce aiki yake yi. Ban ƙarasa wajensu ba, na juya ta ɗaya hanyar.

A ƙarshen makon ruwan farko ya sauka da iska mai ƙarfi. Ranar Litinin muka tarar da filin fes, sai tsakuwar duwatsunmu da ganyen mangwaro. Na ce musu shi ke nan, mu koma aji. Suka ƙi. Suka ce in zauna a benci kawai, kada in sa musu baki. Suka karɓo toka, suka raba kansu, suka sake zana duniya daga ka. Kudancin Amurka ta fito a ɗan karkace, Indiya ta yi tsini fiye da kima, amma kowace ƙasa tana gefen da ya dace. Yarinyar ce ta ja layin Afirka, tana ba maza umarni su matsa mata.

Ana tsakiyar jarrabawa babanta ya kira. Lafiyarsa ƙalau, an canja musu sansani ne zuwa inda waya ba ta kamawa. Ita ta tare ni a baranda ta gaya mini, tana dariya tana share ido da bayan hannu. Da sakamako ya fito ba ta yi fice ba, amma ta ci labarin ƙasa, ta ci sauran da take bukata. Da yawa daga cikin ajin ma sun tsallake, ban da wasu kaɗan da na san dama an bar su a baya a karatu.

Bayan baban yarinyar ya dawo aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani bariki a kudu, iyalin duka za su bi shi. Kafin su tashi, wata Asabar da hantsi, ta zo gidana a Fadikpe tare da mahaifiyarta. Matar doguwa ce mai fara'a, ta durƙusa tun daga ƙofa tana cewa, "Sannu Malama, Allah ya yi albarka," ni kuma ina ta cewa ta tashi don Allah. Ta kawo mini acca a leda, wadda aka aiko mata daga gida. Na ce mata gaskiya ban iya dafa ta ba, a gidanmu shinkafa muka sani. Ta ce ai wannan ba komai ba ne. Ta ɗaura zani a kan rigarta, ta ce in ba ta tukunya da ƙwarya. Muka zauna a tsakar gida tana nuna mini yadda ake rege yashin, yarinyar tana yanka mana alayyafo, har azahar ta yi muka ci tare.