Ƙofar da Inna ta sani

A gidanmu na Ƙofar Taramniya a Sakkwato, idan an idar da Isha'i muka jingine allunanmu, ɗakin Inna muke nufa, mahaifiyar babanmu. Lokacin sanyi takan ajiye kaskon wuta a gabanta, tana juya mana gyaɗa a cikin toka. Sai ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matso."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ta wata gauraka da ta tashi a gidan sarki, tana shan ruwa a bakin rijiya ƙarƙashin durumi. Wata rana aka yi kyautarta ga wani baƙo, ya tafi da ita gari mai nisa. Ya ba ta gero, ya ba ta inuwa, bai taɓa cutar da ita ba. Amma kullum da almuru sai ta fuskanci gabas ta yi ta kuka.

Sai in ce, "Inna, ta koma gida?"

"Kai dai ci gyaɗakka, sarkin tambaya."

Sai da na girma na ji cewa a gidan sarautar wani gari gabas da Sakkwato aka haifi Inna. Uwarta mai daka ce a gidan. Da ta rasu aka kawo Inna nan riƙo tana ƙarama.

Bayan na koma unguwar Arkilla da iyalina, sai labari ya zo cewa sarkin garin su Inna ya gina sabon gida, an buɗe tsohon ga masu ziyara. Inna ta ce in kai ta ta ga inda uwarta ta zauna.

Muka tarar da 'yan makaranta suna ɗaukar hoto a bakin zaure. Mai yi wa baƙi jagora ya ce, "Bismillah, Hajiya, shigo."

Ta ja ta tsaya. "Ta nan? Mu ba mu shiga ta zaure, ɗana. Ina ƙohwar mata?"

Muka zagaya baya da ita a hankali, tana dafe da kafaɗata. An toshe ƙofar da bulo tun da daɗewa. Na roƙe ta, na ce yanzu kowa ta gaba yake bi.

"Uwata ba ta taɓa taka zauren can ba. Ni ce zan taka?"

Ta cire takalmanta, ta zauna a gindin bangon, ta ɗaga hannu tana yi wa uwarta addu'a. Ta ce in shiga in gano mata. Na shiga. An sare durumin, an rufe rijiyar da siminti.

Da na fito ta dubi fuskata. "Bari, kak ka hwaɗa min."

Da daminar shekarar ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina jin haushin taurin kanta na ranar. Yanzu da furfura ta kama ni, ina ganin ni ne na yi hasara da na shiga. Ita ta tafi da gidan yadda ta bar shi, da ruwa a rijiyarsa.