Duman Da Ya Hau Rumfar Altine

Altine ba a gari aka haife ta ba. A ruga aka haife ta, yamma da Tajaye, wata ranar Litinin da iyayenta ke shirin tashi. Kwana bakwai aka jira, aka raɗa suna, aka goya ta aka kama hanya. Haka ta tashi. Da damina su yi arewa, da kaka su gangaro gonakin da aka girbe, da rani su bi rijiyoyi. Kafin ta kai shekara goma ta san kowace saniyar mahaifinta da sunanta da halinta, ta iya tatsa, ta iya kaɗa nono har mai ya taso. Gona kuwa abin da ta sani game da ita shi ne a kore shanu daga bakinta kafin mai ita ya fito da sanda. Ba ta taɓa zama wuri ɗaya har ta ga abin da aka shuka ya kai girbi ba.

Halilu direban motar haya ne, mutumin Dogarawa, kuma ranar kasuwar Illela yakan ɗauko masu tallan nono a hanya. Fasinjoji su suka fara lura cewa in Altine na cikin mota, Halilu ba ya faɗawa rami. Sai ya bi a hankali, yana kewaye kowane gargada, wai kada nonon mutane ya zube. Shekara biyu yana zarya wurin mahaifinta, tsoho Muhammadu, kafin tsohon ya kira 'yarsa ya tambaye ta. Ta sunkuyar da kai, aka gane ta yarda.

Gidan da aka kai ta katanga huɗu ne da ɗakuna uku da rumfar kara. Tsakar gidan fako ne ja, mai tauri kamar bayan tukunya, ko ƙaya ba ta fita a cikinsa. A shekararta ta farko, in ƙirjinta ya cushe, sai ta kife turmi ta hau ta leƙa ta saman katanga, don dai idonta ya yi tafiya mai nisa. Uwar mijinta, Iya Kubra, takan gan ta ta yi kamar ba ta gani ba.

Allah Ya ba ta 'ya'ya uku. Hamdiyya ce ta fari, wadda Altine ba ta kiran sunanta don kunya, sai dai "ke". Sai Sharifu, sai auta Ummulkhairi. Abin da ta iya na wasa shi ta koya musu. Ta ɗebo laka daga bakin tafki, ta zauna da su a inuwar rumfa tana gina musu shanu, kowace da tozonta da ƙahonta, tana gaya musu sunayensu da Fillanci. Yaran suka yi garke, suka kewaye shi da tsinke, kullum da safe su kora shanun laka kiwo zuwa bakin zaure, da marece su koro su.

Wata rana cikin bazara, shekarar da Hamdiyya ta shiga lakwal, wato makarantar boko, Altine ta tarar da su ukun a durƙushe bayan makewayi, inda ruwan wanka ke gangarowa ya jiƙa ƙasa.

"Mi kuke yi nan cikin ƙazanta?"

"Ciyawa muke shuka ma shanu, Inna," in ji Sharifu. "Sun rame."

"Ina kunka samu iri?"

Suka dubi juna. Waken Iya Kubra ne suka ɗebo cikin tulu, tafin hannu guda. Altine ta yi musu faɗa, ta kore su, ta manta da zancen.

Kwana huɗu bayan haka ta zagaya zubar da ruwa, sai ta tsaya da bokiti a hannu. Ƙasar ta tsage a wurare da yawa. Daga kowace tsaga wani abu fari-fari ya turo, a lanƙwashe, kansa na cikin ƙasa kamar mai sujada. Guda ɗaya ya riga ya miƙe, ɓawon waken na maƙale a kansa, ganye biyu na ƙoƙarin fita. Ta aje bokitin ta tsuguna. Ta sha karɓar haihuwar saniya, ta san yadda ɗan maraƙi ke faɗowa ya yi ta rangaji har ya tsaya. Amma wannan ba shi da uwa da za ta lashe shi. Wake ne busasshe, irin wanda take jefawa a tukunya, ga shi ya ɗaga ƙasar da ita kanta ba ta iya tona ta da hannu. Tana nan tsugune har tuwon da ta ɗora ya kama.

Iya Kubra ce ta same ta a wurin. Tsohuwar ta duba, ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyar Hillani, yau kika fara ganin tsiro?"

"Na sha gani, Iya. Daga nesa."

"To in kina so, wurin ga yana yi. Sai dai da wahala."

Iya Kubra 'yar ƙasar Illela ce, inda mutane suka saba rayar da fako da tassa, wato ramuka ƙanana da ake ginawa a zuba taki, su riƙe ruwa. Ita ba ta da sauran ƙarfin gina, sai ta zauna bisa kujera 'yar tsugune tana nuna wuri da sandarta. Altine ta aro diga wurin maƙwabta. Saran farko sai da hannunta ya yi tsami har kafaɗa, ƙasar kuwa ko gezau. Ta koyi jiƙa wurin da marece ta sara da safe. Rami biyu a yini, wani lokaci ɗaya. Halilu ya dawo ya ga tsakar gidansa duk ramuka, ya tsaya yana kallo.

"Altine, rijiya kike nema ko zinariya?"

"Malam, in ka biya ta rugar su kawu, ka ɗauko min taki buhu biyu."

Ya yi gunaguni cewa motarsa ta mutane ce, ba ta kashin shanu ba. Ranar Laraba sai ga buhu uku ɗaure a saman mota.

Da aka zuba takin, ba a yi mako ba gara ta cika ramukan. Altine ta tsorata, ta ɗauko toka za ta watsa. Iya Kubra ta riƙe mata hannu.

"Bar su. Su ne ma'aikatanki. Takin suke ja ƙasa, suna huda miki hanyar ruwa. Abin da digarki ta kasa, su za su yi shi."

Bayan wata guda Altine ta tura yatsa cikin rami ɗaya, yatsan ya nutse har gindi. Ta zaro shi ta duba. Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana ƙanshin farkon damina. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tura nasa.

Tun daga nan ruwa bai ƙara zubewa banza a gidan ba. Na alwala a tara, na wankin hatsi a tara. Yaran kuwa a gindin zogalen da ta dasa ake yi musu wanka, su tsaya tsirara suna tsalle, ruwan na gangarawa inda ake son shi. Kowane yaro aka ba shi ramukansa. Hamdiyya ta zaɓi sure da guro, wato yakuwa da kuɓewa, ta jera su daidai kamar layin 'yan lakwal. Sharifu wake yake so, kuma kullum sai ya tone ɗaya ya ga ko ya fara, har sai da kakarsa ta ce in ya ƙara za ta shuka shi shi ma. Ummulkhairi, mai shekara uku, duk abin da ta tsinta shukawa take yi: ƙwallon dabino, maɓalli, wuyan kwalba. Tana shayar da su da murfin buta, da gaske, ba ta dariya.

Yaran unguwa suka gane gidan. Da la'asar sai su cika shi, ana ɓuya tsakanin guro, ana kamun fara, 'yan mata na carafke a inuwa. Ranar da aka ga hawainiya bisa zogale, yara wajen goma sha biyar suka zauna a ƙasa shiru, suna kallon yadda take ɗaga ƙafa ta yi tunani kafin ta aje. Altine na daga bakin murhu tana kallon su su kuma.

Akwai ranar baƙin ciki. Wani ya bar ƙofar zaure buɗe, awaki uku suka shigo da tsakar rana, kafin a farga sun aske waken Sharifu har ƙasa. Yaron ya kwanta cikin ramukan yana kuka, ya ƙi cin abinci. Altine ba ta rarrashe shi da baki ba. Ta ɗauki gatari, ta riƙe hannunsa suka fita bayan gari, suka saro ƙayar magarya. Shinge kam tun a ruga ta iya shi. Suka kewaye garkar, ɗan lambun nasu, shi yana miƙo mata tana kafawa. Bayan kwana shida guntayen da awakin suka bari suka fitar da sabon ganye, biyu-biyu a inda da ɗaya ne. Sharifu ya zo ya ja zanenta, ya kai ta ya nuna mata.

Da damina ta faɗi, Iya Kubra ta kwance bakin zanenta ta ba Altine wasu 'ya'ya masu faɗi guda biyar, ta ce ta sa su gindin rumfa.

"Na mine ne, Iya?"

"Ki dai sa."

Abin ya fito ya kama dirka ya hau. Kullum da safe yaran na auna shi da kara, kullum ya wuce inda suka yi alama. Cikin wata ɗaya ya rufe rumfar da ganye masu faɗi. Furensa ba ya buɗewa sai rana ta yi sanyi. Ummulkhairi ce ta gano haka, ta riƙa zama bisa turmi da marece tana jira, har sauran suka bi ta, har Altine ma ta riƙa barin aiki ta zo. Suna kallo fure fari zai motsa, ya saki kansa a hankali, ya buɗe. Ba wanda ke magana sai an kira magariba.

Sai 'ya'ya suka ƙulla. Da farko kamar ƙwan zabo, sai kamar kan jariri. Ranar da Halilu ya kafa tsani ya ce ta hau ta gani, Altine ta hau, ta ɗaga ganye, ta ga abu kore, zagayayye, mai sulɓi, ya fi ƙarfin rungumar hannu ɗaya. Ta shafa shi. Hannunta ya gane shi kafin hankalinta. Ƙwarya ce. Tun tana yarinya a ƙwarya take tatsa, ita take ɗauka a ka, jeren ƙoren uwarta shi ne dukiyar ɗakinsu, amma kullum a kasuwa ake sayen su, fafaffu, busassu. Ta san daga duma ake yin su, kamar yadda mutum ya san akwai teku. Ba ta taɓa taɓa mai rai ba. Ta daɗe a saman tsanin.

"Lahiya?" in ji Halilu daga ƙasa.

"Lahiya lau, Malam. Riƙe tsanin dai."

Aka bar duman har igiyarsa ta bushe. Da kaka aka sauko da guda bakwai. Iya Kubra ta nuna mata inda za ta zana da gawayi, aka kira mai fafa ya raba su. Yaran suka kwashe totuwa da hannu, Sharifu ya lasa ya yi ta tofar da yawu saboda ɗaci. Aka jiƙa su kwanaki, aka kankare, aka shanya. Altine ta zaɓi babbar ta goge ta har ta yi fari tas.

A makon nan tsoho Muhammadu ya gangaro da shanunsa gonar Halilu don su ci kara su bar taki, kamar yadda ya saba. Bai cika shiga gari ba, amma ya zo ganin jikoki. Ya yi sallama ya shigo, ya tsaya. Zogale ya fi katanga, sure ya yi ja, yara na gudu tsakanin ganye. Ya duba baya kamar mai shakkar ko gidan ne.

Aka shimfiɗa masa tabarma. Altine ta durƙusa ta aje masa hura da nono cikin sabuwar ƙwaryar. Ya sha, ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa gefenta da farce ya saurara.

"Wagga ta yi kauri. Kasuwar ina?"

"Ba kasuwa ba ce, Baffa."

Ummulkhairi ta kama ɗan yatsansa ta ja shi gindin rumfa, ta nuna masa busasshiyar igiyar da ke lilo. Tsohon ya ɗaga kai ya bi ta da ido har sama. Ya dubi 'yarsa, ya dubi tafin hannunta da diga ta yi wa kanta. Ya koma ya zauna, ya shanye hurar. Sai da zai tafi, a bakin zaure, ya tsaya yana gyara sandarsa a kafaɗa.

"Akwai sauran irin?"

Ta ƙulla masa a tsumma. Ya ce akwai wani gindin aduwa a inda suke sauka da damina, zai tona ya sa, in sun tashi kafin ya nuna wani ya samu.

Da kaka ta zagayo, tsohon ya dawo da ƙoƙo guda ɗaya rataye a sandarsa, ƙarami, karkatacce. Ya ce uku suka ƙulla, shanu suka tattake biyu, wannan kuwa sai da ya jinkirta tashin ruga kwana tara yana jiran sa, 'ya'yansa maza na ta mita. Ya miƙa wa Ummulkhairi. Da shi take shan hura har yau, ko da yake ba ya zama daidai a ƙasa, sai an tokare shi da dutse.