Yadda Na Aiki Waya Wurin Ɗan Farina

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce in an gama a karanta mini, kada a sa mini gishirin da ban sa ba.

A ƙauyen da na tashi, can gefen Yana, mace ba ta sakewa da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zaman hira da shi ko da ya yi gemu. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, haka na yi wa nawa. In zan ba shi nono akwai mutane, sai na juya na fuskanci bango. Da aka yaye shi, yayar Malam mai gidana, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Katagum. Shi ya sa har gobe “na Katagum” nake ce masa, ƙannensa kuma su ce Yaya.

A can aka sa shi boko. Lokacin Turawa na ɗaure kayansu za su tafi, amma makarantarsu sun bar ta a kafe, masu unguwa na bin gidaje suna rubuta yara. Kowa na ɓoye nasa, wasu har a cikin rumbu. Goggon tasa ta ce ɗan amana ne, ba za ta cusa shi a rumbu ya shaƙe ba. Haka aka rubuta shi. Malam ya yi kwana biyu yana faɗa, ya haƙura. Yaro ya yi ta gaba, daga Azare sai Bauchi, daga Bauchi sai Zariya, har ya zama ma'aikaci a Kaduna, da mota da tabarau.

In ya zo gida, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ni kuma na amsa ina tsintar shinkafa a faifai. Sauran magana duk ta bakin wani. Bayan rasuwar Malam na zauna a Azare tare da autana da matarsa, to ita ce ta zama 'yar aike a tsakaninmu. In na daka dambun nama, ko na tara man shanu, sai na ce mata ta kai wa baƙi, ya yi mana yawa. Shi ma in ya zo da atamfa, a ɗakinta zai ajiye ya ce a ba mutanen gida. Ni a ganina kowa ya san abin da ake nufi.

Matar na Katagum malamar makaranta ce, 'yar nan Azare, mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Sai dai ranar da ta fara kawo mini ɗanta na fari, a gabana ta ɗaga shi sama, ta kira sunansa gatsau, ta sumbace shi a kumatu har da ƙara. Na duba ƙasa ina neman inda zan shige. Da yaran suka yi baki kuma, Dadi da Momi suke cewa, kamar ana kiran 'yan kyanwa. Na taɓa yi mata magana a hankali. Ta ce ai masana sun rubuta cewa yaro sai an nuna masa ana son sa, an faɗa masa da baki, in ba haka ba zai tashi da rami a zuciya. Na tambaye ta masanan 'yan wane gari ne. Ta yi dariya ta ce Turawa ne. Na ce to su je su cike ramin nasu 'ya'yan, namu sun tashi garau.

Ba wai na ƙi kayan Bature gaba ɗaya ba ne. Injin niƙa ya hutar da kafaɗata, kuma a asibiti aka cire mini yanar ido, da idon nake ganin duk abin da ake yi a gidan nan har da wanda ake ɓoyewa. Amma mutumin da bai taɓa shan kunun gidanmu ba, ina ya san abin da ke tsakanin mace da ɗanta?

Shekara dubu biyu da 'yan kai aka kafa dogon ƙarfen nan na waya a Azare, gari ya rikice. Sai ka ga mai tumatir a kasuwa yana magana shi kaɗai, yana wurga hannu, kwandonsa akuya na ci. Da ƙaramar salla na Katagum ya zo da iyalinsa. Da za su koma ya bar wani ɗan kwali a ɗakin matar auta, ya ce na Dada ne, haka yarana suke kirana, kuma zai riƙa kira duk Juma'a in an sauko daga masallaci.

Na sa abar a cikin langa na rufe da murfi, don kada yara su taɓa. In ta fara kuka a cikin langar nan har maƙwabta sai sun leƙo. Matar auta za ta sheƙo da gudu hannu duk kumfa, ta ɗauka, ni ina zaune a kan tabarmata. Za ta ce Yaya ya ce yaya ƙafa. Na ce da sauƙi. Sai na ji tana cewa Dada ta ce da sauƙi sosai, kuma tana kewarku.

“Ke, yaushe na ce haka?”

“Ai gyaran miya nake, Dada. Maganarki ba mai ba albasa.”

Haka muka yi wata da watanni, abin ya zauna daidai. Sai cikinta ya tsufa, iyayenta suka zo suka tafi da ita Gololo haihuwa. Auta kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, Juma'a ba ta samun sa a gari. Na rage ni kaɗai da langa.

Juma'ar farko ta yi kuka, ina zaune ina kallon murfin yana rawa. Da, in ba ɗan aike, ai sai saƙo ya jira. Wannan kuwa ba ta jira, kuma ba ta da bakin ƙofa da mutum zai durƙusa. Bakinsa za ta kawo har cikin kunnena, ni da shi, ba kowa a tsakani. Na bar ta ta gaji ta yi shiru. Juma'a ta biyu ma haka, ta uku haka. Ashe a tsakani ya kira wata safiya, auta ya ɗauka, ya ce masa Dada na nan lafiya lau, tana jin kukan wayar sarai, ɗauka ce kawai ba ta yi. Yaron nan tun yana ƙarami duk abin da ke cikinsa yana bakinsa. Juma'a ta huɗu aka sauko daga masallaci, na ji tashin babura a layi, na ji masu bara sun wuce, langa ba ta motsa ba. Har na buɗe na duba ko mutuwa ta yi. Tana nan da hasken fuskarta.

Bayan kwana biyar sai ga malama, matar na Katagum, ta zo bikin ƙanwarta ta biyo gaishe ni. Na dama mata fura. Na lura tana ta juya ludayi ba ta sha, na san da magana. Na ce ta sauke abin da ta ɗauko. Ta ce tun da goggonsa ta Katagum ta rasu, shekara biyu ke nan, mijinta ya sake. Ranar Juma'a in ya dawo masallaci sai ya shige ɗaki da waya, ya fito bai ce komai ba, abinci ya huce a rufe. Ya ce mata dama ya daɗe yana tunanin abin, goggo ce uwarsa, Dada haihuwarsa kawai ta yi. Wanda yake kusa, yana ji, ya ƙi ɗauka, ai ya ba da amsa. Ba zai sake damuna ba.

“Dada, furfura ce a kansa,” in ji ta, “amma in kin gan shi zaune yana kallon wayar nan, sai ki ce yaron da aka manta a tasha.”

Raina ya ɓaci. Na ce boko makanta take sawa ne? Dambun naman da nake yini ina dakawa har hannuna ya yi kanta, wa yake zaton na daka wa?

“Baƙi. Haka aka ce masa, na baƙi ne, ya yi muku yawa.”

Ashe yaren da nake yi masa shekara arba'in da ɗoriya, makaranta ta goge masa shi ban sani ba. Ya zauna cikin mutanen da sai an faɗa musu abu dalla-dalla, an rubuta an sa hannu, har shi ma ya koma haka. Kuma mutum ɗaya da take fassara masa ni tana kabari a Katagum.

Malama ta miƙa hannu ta buɗe langa. Ta ce ga koren nan, shi ake dannawa, a kara a kunne, zan sa shi ya sake gwadawa Juma'a mai zuwa. Na ce ban tambaye ki ba.

“Ai ba da ke nake ba, Dada. Langa nake gaya wa.”

Na harare ta, ta shanye furarta tana murmushi. Amma maganar ta zauna mini. Kwana biyu ina juya ta ina tsefe rama, ina ba awaki dusa. In malama za ta iya gaya wa langa magana ni na ji, to ita wayar mece ce? Saƙo take ɗauka daga nan ta kai Kaduna, ta ɗauko na can ta kawo. Aikin matar auta ke nan, sai dai ita ba ta ƙara albasa.

Ranar Juma'a na share ɗaki, na saki labule, na fito da abar na ɗora a kan faifai. Aka sauko daga masallaci. Shiru. Na ce a raina in bai kira ba na ga ta kaina, don ban san yadda ake kira daga nan ba. Inuwar dalbejiyar tsakar gida ta kusa kai bakin rijiya sannan ta yi kuka. Na danna koren da babban yatsa, na kara a kunne, na juya na fuskanci bango.

Ya yi sallama, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada barci.

Na ce, “Ke waya, ki amsa masa sallamarsa.”

Har na fara zaton na ɓata wani abu. Sai na ji dariya, irin wadda mutum ke son riƙewa ta ƙi riƙuwa.

“To waya, ki gaida mini Dada. Ki tambaye ta yaya ƙafa.”

Na ce ta gaya masa ƙafa tana nan inda take, ya bar tawa ya ji da tasa. Da ya zo salla ƙafar hagu yake ja, yana ɓoyewa da babbar riga, a je a duba ta. Na ce ta gaya masa wandonsa ya yi masa yawa a ƙugu, kuma tsokar da aka sa masa a miya gefe ya ture ta, in haƙori ne a cire shi a huta. Muryarsa ma da mura a ciki, ya rage kwana a ƙarƙashin fanka.

“Waya, ki tambayi Dada yaushe ta ga duk wannan. Ni dai shinkafa na ga tana tsinta.”

“Ce masa shinkafar nan tun safe aka tsince ta.”

Ya sake yin dariya. Can ya ce waya ta tambaye ni ko ya yi mini wani laifi ne tun can baya, wanda bai sani ba.

Na dubi bango. Akwai wata tsaga a jikinsa da ruwan damina ya yi, ita na zuba wa ido.

“Waya, ki ce masa matarsa ta ce a littafi an rubuta sai an faɗa da baki. Ni ban iya karatu ba. Amma ranar da aka goya shi aka tafi Katagum, kwana uku tuwo bai shiga bakina ba. Na ɗaure kumatu da ɗankwali na ce wa mutane haƙori ke ciwo. Duk haƙorana lafiyarsu ƙalau. Ki faɗa masa sau ɗaya, ba na maimaitawa.”

Na ji yana jan hanci, yana fyacewa. Na ce waya ta gaya masa ai na faɗa, mura ce, a dafa masa citta da kanumfari.

“To, Dada,” in ji shi, ya manta da 'yar aike. Na yi kamar ban ji ba.

Da na ga an gama, sai na rasa yadda ake sallamar abar. Malama kore kawai ta nuna wa langa. Na danna shi, ba abin da ya faru, yana nan yana numfashi a kunnena. Na ce ta gaya masa ya kashe daga can, ni ban san na kashewa ba.

Ya ce waya ta ba Dada haƙuri, ba yanzu ba, akwai saura. Ya tambayi ruwan bana, na ce gero ya yi kyau ta wajen Yana, wake ne ake tsoro. Ya tambayi awaki nawa suka haihu. Ya tambaya ko gaskiya ne da yana jariri kansa ya fi jikinsa, don haka goggo ke tsokanar sa. Na ce a gaya masa goggo ta rage ma, hula ba ta taɓa zama a kan ba. Hannuna ya gaji na sauya kunne. Muna nan har aka kira la'asar.