Ranar da kamyon uraniyom ya lalace mini a Gaya

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa kamyo, wato babbar motar kaya, na shiga ayarin masu ɗauko tono-tonon uraniyom, wato gangunansa, daga Arlit zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Jandarmomi ke raka mu gaba da baya. Ban taɓa ganin abin da ke cikin tonon ba, an dai ce mana gari ne rawaya, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa.

A wata tafiya, muna shigowa Gaya, kafin mu kai gadar kan iyaka, ƙarfen ƙafar baya ya karye. Ayari ya wuce, aka bar ni a bakin hanya da jandarma biyu. Abin takaici, gidanmu na nan bayan kasuwa, matata kuma tana da tsohon ciki.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Na je wurin mai shayi, sai na tarar ana gardama a kaina. Wani tsoho mai rediyo a kunne yana cewa manyan ƙasashe na rige-rigen gina wa ƙananan ƙasashe tashar kuran, wato wutar lantarki, ta nukiliya. "Su kawo inji, su kawo masana, su kawo abin da injin ke ci. In kun saɓa, su ɗauke hannu, ku kwana cikin duhu. To wannan kayan da ke bakin hanyarmu, shi suke faɗa a kai."

Wani abokina, shi ma direba, ya ja ni gefe ya ce, "Kai, in tono ɗaya ya ɓata, ba patoronka mai motar ne zai neme ka ba, ƙasashe ne." Yana cikin magana sai ya ja da baya, yana nuna kafaɗata. Na duba. Gari rawaya a rigata.

Na tuɓe rigar na jefar, na yi ta zuba wa jikina ruwan buta har fata ta yi zafi. Mai shayi ya ɗauke kofin da na sha ya ajiye can nesa. Ba mutuwata na fara tunawa ba, cikin matata na tuna. Na aika gida cewa ba zan shigo ba, kada kowa ya zo.

Sai ga mahaifiyata da kwanon tuwo.

"Inna, don Allah tsaya daga nan!"

"Ni zan tsaya? In guba ce, ni na haife ka, mu sha tare." Ta zauna kusa da ni. Ba ta tashi ba sai da na ci.

Washegari wani ma'aikaci ya iso da na'urar awo. Ya zaga motar, ya ce duk tonon a rufe suke. Ya auna ni, ya auna rigar, ya shinshina ta, ya ce, "Malam, ka sha ɗorawa a hanya?" Sai a lokacin na tuna ƙullin garin ɗorawa da na saya wajen Doso na rataye bayan kujera. Jandarmomi suka yi ta dariya. Ni kuwa zama na yi a ƙasa, na kasa ko murmushi.

Matata ta sauka lafiya, mace, yanzu tana makaranta. Ni ma ba a jima ba na koma dakon albasa.

Har yau abokina na tsokanata da wannan labari, ina taya shi dariya. Amma in na ji a rediyo wata ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar nukiliya da wata, sai in tuna wannan rana. Ba shugabannin da suka sa hannu nake gani ba. Wani direba nake gani a bakin hanya, kusa da gidansu, ɗauke da kayan da bai san cikinsu ba, yana roƙon uwarsa kada ta matso.