Shekarar da Motarmu Ta Daina Ja

A Gwadangaji muke zaune lokacin, a wani gida mai faɗin tsakar gida, har mota take shigowa ta kwana ciki. A-kori-kura ce mai shan gas, fara, ta tsufa amma tana aiki. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, ba ya da lokacin tuƙi. Wani dattijo ne yake jan ta, yana ɗauko shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga Argungu da Augie yana kai wa masu injin casa a Birnin Kebbi. Shekararsa tara tare da mu. Yara suna ce masa Baba Direba, ni ma da shi nake kiransa. Iyalinsa suna Argungu, kuma ban san shi da wata sana'a ba sai wannan.

Bayan girbin shinkafar rani motar ta fara ciwo. In babu kaya, lafiya lau take tafiya. Da zarar an loda buhuna an hau titi, sai ta mutu a jiki. Baba ya ce yakan taka totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar mai azumi, baƙin hayaƙi yana bin ta. Tafiyar da yake yi ya dawo kafin azahar ta koma sai bayan la'asar.

Bakanike na farko ya canja matatar mai. Na biyu ya kwance nozul ya wanke. Dukansu a gareji suke tada ta, su ji tana ƙugi daidai, su ce ta warke. Na ukun ne ya ce turbo ya mutu, kuma gurɓataccen mai ne ya kashe shi. Ban san mene ne turbo ba a lokacin. Abin da na sani shi ne, cikin makon nan wani ya gaya wa maigida wai an ga Baba tsaye wurin 'yan bumburutu a hanyar Argungu.

A ƙofar masallacin unguwa aka yi maganar, bayan sallar la'asar, mutane suna nan. Ni daga zaure na jiyo.

"Malam, gidan mai na ce ka riƙa sha, ko bakin hanya?"

"Alhaji, ban taɓa zuba mata na bakin hanya ba. Ruwa na tsaya sha."

"To mi ya kashe ta?"

"Allah shi ya sani."

"Kawo makullin."

Ya miƙa. Ya shigo ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga bayan kujerar mota, ya ce mini, "Hajiya, a gaida yara." Na zuba masa tuwo a kwano, ya ce ya ƙoshi. Gaskiya rabin zuciyata ta yarda da abin da aka faɗa, don mai ya yi tsada shekarar, kuma mutum yana da 'ya'ya bakwai. Na dai riƙa sa shi a addu'a, ina roƙon Allah Ya shirye shi. Abin da na roƙa masa ke nan.

Motar ta yi kwana goma sha biyu a tsakar gida, kaji suna kwana ƙarƙashinta.

Akwai wata mata a Gesse da take yi mini ɗinki, mutanen Filato ne, sun daɗe a garin nan. Mijinta gyaran manyan motoci da tarakta yake yi. Da na kai ɗinkin yara na ba ta labari, ta ce bari ta yi masa magana. Ranar Asabar da hantsi ya zo a kan babur, da 'yar jakar sifanu.

Bai fara buɗe bonet ba. Tambaya ya fara yi.

"Oga, hayaƙin wane kala ne? Baƙi, fari, ko shuɗi?"

Maigida ya ce hayaƙi dai. Ina bakin madafa ina tsinar shinkafa, na ce baƙi ne, don ranar ƙarshe da Baba ya juya ta a tsakar gida sai da na sake wanke fararen rigunan makaranta.

Ya juyo. "Madam ta fi mu sani. Da can in ya taka, kina jin wani fito siriri?"

Na ce ina ji, kamar butar shayi in ta kusa tafasa. Amma tunda ciwon ya fara ban ƙara ji ba.

"Yauwa." Ya yi wa maigida bayani a taƙaice. Ya ce turbo wata 'yar fanka ce, hayaƙin injin yake juya ta, ita kuma ta tura iska cikin injin da ƙarfi. In iskar ta yi kaɗan, gas ba ya ƙonewa duka, sai ya fito baƙi, mota ta rasa ƙarfi. "Ko dai fankar ta lalace, ko iskar tana gudu ta wani rami, ko ba ta isowa. Guda uku ne. Ba a yanka turbo sai an duba ukun."

Ya bi manyan tiyon da suka fito daga turbo ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa da hannu, yana neman tsaga ko inda mai ya jiƙa. Ya nemi ruwan sabulu, na kawo masa a kofi, ya shafa a mahaɗai, ya sa maigida ya taka totur. Kumfa bai tashi ba. Sai aka kashe mota, ya jira ta huce, ya kwance bututun da ke fitowa daga matatar iska. Ya sa yatsa ya juya fankar, ya girgiza ta hagu da dama.

"Oga, wannan turbo zai binne ni da kai. Wa ya ce ya mutu?"

Bututun yana hannunsa, baƙi, mai lanƙwasa kamar gwiwa. Ya ɗaga shi ya leƙa ta wajen rana. Ya sake leƙawa. Ya ɗauko waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura, ya jawo a hankali. Wani abu ya fito a dunƙule, baƙi ƙirin da mai da ƙura. Ya warware shi a kan bonet.

Ƙyallen atamfa ne. Duk da baƙin da ya yi, hoton ganyen da ke jikinsa yana nan. Tsohon zanena ne, wanda na yayyaga nake goge tukwane da shi.

Nan take ranar ta dawo mini. Baba ya kwance matatar iska ya kakkaɓe ya jingine ta a rana, sai aka kira sallar azahar, ya tafi ya bar bonet a buɗe. Ni kuma ina sheƙar shinkafa a tsakar gida, iska tana kwasar ƙaiƙayi tana kaiwa wajen motar. Na ga bakin bututu a hangame. A gidanmu aka tashe mu ba a barin abu a buɗe, ko randa ko tukunya ko kwalbar mai. Na cusa ƙyalle a ciki, na tura shi sosai don kada iska ta ɗauke. Na ce in ya dawo zan gaya masa. Baƙi suka yi sallama, na shiga ɗaki. Shi ke nan.

Mai gyaran yana cewa, "In mota tana tsaye, iska kaɗan take so, tana wucewa ta gefe. In an loda ta ta ja numfashi, tsumman ya manne ya rufe hanya. Allah ya taimake ku bai kai ga fankar ba. Direban ne ya manta shi?"

Maigida ya ce, "Ka gani ko? Sakaci kuma."

Da na yi shiru, da maganar ta tsaya a nan. Na ajiye faifan na ce, "Ba shi ba ne. Ni ce." Na faɗi yadda aka yi.

Mai gyaran ya yi dariya har da riƙe ciki. "Madam, kin ɗaura wa mota zane!" Maigida bai yi dariya ba. Ya kalli ƙyallen, ya kalle ni, ya shiga ɗaki.

Da yamma ya ce zai aika wa Baba saƙo ya zo ya karɓi makulli. Na ce ba da saƙo aka karɓa ba. Na roƙe shi ya kai ni. Washegari muka tafi Argungu, shi yake tuƙi. Da muka hau titi ya taka, fiton nan siriri ya dawo.

Mun sami Baba a ƙofar gidansa yana taya ƙaninsa ɗinkin komar kamun kifi. Ya rame. Ya shimfiɗa mana tabarma. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da cewa na yarda da abin da aka ce a kansa. Ya saurara yana riƙe da zaren.

"Hajiya, tashi. Tsumma ai ba komi na ba, gyara kika so yi. Na yahe." Ya juya wajen maigida. "Amma Alhaji, gaban mutane ka ce na ci amana. Can nike so ka hwaɗi wagga."

Maigida ya ce to.

Ranar Laraba Baba ya zo a motar haya. Bayan sallar la'asar maigida ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce dattijon nan bai zuba gurɓataccen mai ba, kuskuren daga gidansa ne, shi kuma ya yi gaggawa. Bai ambace ni ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Maigida ya miƙa masa makullin.

Baba ya karɓa, ya riƙe kaɗan, ya mayar masa. Ya ce tun makon jiya ya ba wani mai albasa a Augie alkawari zai ja masa mota, kuma ya riga ya ce to. Ya shigo zaure ya yi mini sallama, yaran suka rataye a jikinsa. A wannan karon ya ci tuwon, ya sha ruwa, ya ce yana so ya kama motar Argungu kafin magariba.