Zuhuratu Mai Ɗinkin Zogbeli

Ranar Talata da hantsi Zuhuratu ta buɗe shagon ɗinkinta a unguwar Zogbeli. Da sikila aka haife ta. Uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar ciwon bai sani ba, ita ta gaji biyun. Da azahar ƙanwarta Fuseina, wadda ta gaji ɗaya, ta kawo leshin bikinta.

"Ba na sa almakashi sai angonki ya gwada jini."

"Yaya, kin cika mita!"

Da la'asar ƙafafun Zuhuratu suka fara ciwo. Ranar Juma'a ta rasu.

Bayan sadakar bakwai Fuseina ta kai angon asibiti, aka tarar ba ya ɗauke da ƙwayar. A ranar ce mahaifiyarsu ta rabar da zannuwan Zuhuratu, ta ba Fuseina keken ɗinkin.